Tambayoyin Ɗan Koyo Game da Kula da Uwar Garken Linux: Misali Daga Ƙasar Tudun Wada

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a tattaro tambayoyin da ɗan koyo ya saba yi a lokacin da aka fara damƙa masa kula da uwar garke mai aiki da manhajar Linux, a kuma amsa su ɗaya bayan ɗaya cikin harshen Hausa. An rubuta ta ne musamman domin malamai masu horar da ɗalibai, da kuma shugabannin makarantu da asibitoci da ofisoshi, waɗanda alhakin na'urar ke wuyansu ko da ba su ne ke taɓa ta da hannunsu ba. Domin kada bayanin ya zama na jeka-na-yi-ka, an ɗora shi a kan yanayin kudancin Jihar Kano, wato Ƙananan Hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji.

Abin da takardar ke neman tabbatarwa abu guda ne. Galibi ɗan koyo yakan ɗauka cewa da ya haddace umarnin da ake rubuta wa na'ura, shi ke nan ya iya aikin. To, haddar tana da amfani, amma ita ce mafi sauƙi daga cikin abubuwan da ake bukata. Ginshiƙin aikin shi ne riƙon amana, wato a tabbatar cewa bayanan da jama'a suka ba da ajiya suna nan yau, suna nan gobe, ba su faɗa hannun wanda bai kamata ba, kuma ana iya kaiwa gare su ko da mai kula da su ba ya nan. Za a ga cewa kowace amsa da ke tafe komawa take yi ga wannan batu.

1.1 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Tun da yake fannin baƙo ne ga Hausa, wajibi ne a fara daidaita kalmomi. “Uwar garke” ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. Wasu kuma sukan ce “saba”. “Babbar manhaja” ita ce manhajar da ke sarrafa na'urar baki ɗaya, wadda sauran manhajoji ke hawa kanta. “Zubi” shi ne kowane nau'in Linux da wata ƙungiya ko kamfani ya harhaɗa. “Jaka” ita ce wurin da ake tara fayiloli. “Ganuwa” ita ce manhajar da ke tsare hanyoyin shigowa na'ura, su kuwa hanyoyin an kira su “ƙofofi”. “Kwafin ko-ta-kwana” shi ne kwafin bayanai da ake ajiyewa domin ranar da na asali ya salwanta. Sunayen umarni kuwa an bar su yadda ake rubuta su, domin na'ura ba ta karɓar fassararsu.

2.0 Mece ce Uwar Garke, Mene ne Kuma Linux?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma amsarta takan ba ɗan koyo mamaki. Uwar garke ba wata na'ura ce ta daban ba. Aikin da aka ɗora wa kwamfuta shi ke mayar da ita uwar garke. Duk kwamfutar da aka bari a kunne tana jiran buƙatun wasu, tana kuma biya musu, ta cancanci sunan, ko babba ce mai cika ɗaki, ko kuwa ƙarama ce da ba ta wuce tafin hannu ba, irin Raspberry Pi da aka fara sayarwa a 2012.

Shi kuwa Linux, asalinsa yana komawa ne ga babbar manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakunan bincike na Bell a Amurka cikin 1969. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU da nufin samar da manhaja irin Unix wadda kowa ke da 'yancin ya yi amfani da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma rarraba. A watan Agusta na 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta ƙwayar babbar manhaja, wato sashen da ke hulɗa kai tsaye da kayan na'ura. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin lasisin GNU, aka haɗa ta da kayan aikin da shirin GNU ya riga ya tanada, aka sami cikakkiyar babbar manhaja. A yau wannan ƙwaya ita ce ke cikin kowace wayar Android, kuma tun daga watan Nuwamba na 2017 dukkan kwamfutoci 500 da ke cikin jerin mafiya ƙarfi a duniya da Linux suke aiki.

3.0 Ina Ruwan Tudun Wada da Wannan Batu?

Mai yiwuwa ne wani ya ce wannan magana ta manyan birane ce. Amma idan aka duba da kyau, za a ga cewa rayuwar mutanen wannan yanki ta riga ta ratsa ta cikin uwayen garke ta fuskoki da dama.

Na farko, sha'anin lafiya. Alƙaluman da ƙananan asibitoci ke cikawa a kowane wata, na rigakafi da awon ciki da haihuwa da zazzaɓin cizon sauro, ana shigar da su ne cikin manhajar DHIS2, wadda ake haɓakawa a ƙarƙashin Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, kuma littafin jagorarta a kan zubin Ubuntu na Linux yake koyar da yadda ake kafa ta. Na biyu, sha'anin jarrabawa. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga manyan makarantu gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma kowace cibiyar jarrabawa tana da uwar garken da ke rarraba tambayoyi zuwa kwamfutocin ɗalibai. Ko da wace irin babbar manhaja ke kanta, ranar da ta tsaya, ɗaliban da suka yi sammako daga ƙauyuka su ne ke shan wahalar. Na uku, sha'anin koyarwa. Akwai manhajoji na kyauta da ke aiki a kan Linux ba tare da intanet ba, kamar Kiwix mai ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa, da Kolibri mai ɗauke da darussa. Akwai kuma Moodle ta tsara darasi da gwaji, da Koha ta kula da ɗakin karatu.

Saboda haka makarantar sakandare a garin Tudun Wada, ko a Riruwai hedikwatar Doguwa, tana iya ajiye ƙaramar uwar garke guda a ofis, ɗalibai da malamai su riƙa karatu daga gare ta ta wayoyinsu ba tare da sayen data ba. Sai dai kuma wannan yanki yana da nisa da birnin Kano, balle garuruwan da ke bayan dajin Falgore. Idan na'ura ta tsaya, ba a samun gwani a kusa. Tilas ke nan wani daga cikin ma'aikatan wurin ya koyi aikin. Irin wannan mutum shi ne ɗan koyon da takardar ke nufi.

4.0 Tambayoyin da Amsoshinsu

4.1 Wane zubi zan ɗora?

Zubin Linux suna da yawa ƙwarai, wannan kuwa yakan rikita mai farawa. Waɗanda suka fi shahara wajen uwar garke gida biyu ne. Akwai gidan Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, daga cikinsa kuma Ubuntu ya fito a 2004 ta hannun Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu. Akwai kuma gidan Red Hat, wanda ya haɗa da Rocky Linux da AlmaLinux.

Ma'aunin zaɓe shi ne tsawon lokacin da masu zubin suka yi alkawarin ci gaba da gyara shi. Ubuntu yana fitar da zubi mai dogon tallafi a watan Afrilu na kowace shekara biyu, yana kuma kula da shi kyauta shekara biyar. Lambarsa ita ke nuna ranar fitowarsa: 24.04 na nufin watan huɗu na 2024, ke nan tallafinsa zai kai 2029. Debian ma yakan fito kimanin duk shekara biyu. Na 12 ya fito a 2023, na 13 a 2025. Darasin CentOS ya isa misali. Wannan zubi ya daɗe yana da farin jini, amma aka daina tallafa wa na 8 a ƙarshen 2021, na 7 kuma a watan Yuni na 2024, dole masu amfani da shi suka yi ƙaura. Shawarar da ta dace da ɗan koyo ita ce ya ɗauki Debian ko Ubuntu mai dogon tallafi, ya rubuta ranar ƙarewar tallafin a inda zai riƙa gani, ya kuma tsaya a kan zubi ɗaya har ya san shi.

4.2 Me ya sa babu hotuna, sai baƙin allo da rubutu?

Wanda ya saba da danna hotuna yakan tsorata idan ya ga allo baƙi yana jiran a rubuta masa umarni. Dalilan barin uwar garke a haka uku ne. Hotuna suna cin ƙarfin na'ura da ya kamata ya tafi ga hidima. Kowace manhaja da aka ƙara, an ƙara wurin da kuskure zai iya ɓuya. Sa'an nan umarnin da aka rubuta ana iya adana shi, a maimaita shi, a aika wa wani ta saƙon waya ko da sadarwa ba ta da ƙarfi.

Abin da ake bukata a farko bai da yawa. Umarnin ls yana nuna abin da ke cikin jaka, cd yana kai mutum wata jaka, cp yana kwafa, mv yana matsarwa ko canza suna, rm yana sharewa. Umarnin man kuwa, idan aka bi shi da sunan wani umarni, yakan kawo cikakken bayaninsa. Haka kuma ya kamata a san manyan jakunkuna uku: /etc inda tsare-tsaren na'ura suke, /home inda kayan masu amfani suke, da /var/log inda na'ura ke rubuta labarin abin da ya auku. Wajibi ne malami ya ja kunnen ɗalibi tun ranar farko cewa abin da rm ya share ba ya zuwa wani kwandon shara da za a koma a ɗauko.

4.3 Wane ne root, me ya sa ake hana ni zama shi?

A Linux akwai mai amfani guda da ake kira root, wanda na'ura ba ta yi masa musu a kan kome. Idan ya ce a share dukkan faifai, za a share. Saboda haka al'adar masu wannan aiki ita ce kowa ya shiga da sunansa, idan kuma wani aiki ya bukaci cikakken iko, sai ya gabatar da kalmar sudo kafin umarnin. Fa'idar haka biyu ce: mutum yakan ɗan dakata ya yi tunani, kuma na'ura takan rubuta wanda ya yi aikin da lokacin da ya yi shi.

Daga nan sai batun izini. Kowane fayil yana da mai shi, da rukunin da yake ciki, da sauran jama'a, kuma kowanne ana iya ba shi izinin karantawa, ko rubutawa, ko zartarwa. Ana lissafa su da lamba: karantawa 4, rubutawa 2, zartarwa 1. Idan aka ce izinin fayil 640 ne, ma'ana mai shi yana karantawa yana rubutawa, rukuninsa karantawa kawai, sauran jama'a kuwa ba su da kome. Kuskuren da ya fi yawa ga 'yan koyo shi ne, da zarar wani abu ya ƙi aiki, sai su ba shi 777, wato kowa ya yi yadda ya ga dama. Matsalar takan kau a lokacin, amma fa an bar sakamakon jarrabawar ɗalibai ko bayanan marasa lafiya a buɗe. A nan ya kamata a tuna cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman.

4.4 Yaya zan shiga daga nesa, yaya kuma zan hana ɓarayi?

Hanyar shiga daga nesa ita ce SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a Finland cikin 1995 bayan an saci kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsu. Tana rufe duk abin da ke wucewa tsakanin na'urori biyu yadda mai leƙe ba zai fahimta ba. Da ita ne gwanin da ke Kano zai iya duba na'urar da ke Kiru ba tare da ya hau mota ba, muddin akwai sadarwa.

Domin a fahimci tsaro, a ɗauki misalin ganuwar birni. Uwar garke tana da ƙofofi masu lamba har 65,535, kowace hidima da tata: SSH tana amfani da ta 22, shafukan yanar gizo da ta 80 da ta 443. Aikin ganuwa shi ne ta rufe dukkansu in ban da waɗanda ake bukata, kuma a Ubuntu umarnin ufw shi ke wannan aiki cikin sauƙi. A kula: a buɗe ƙofar SSH kafin a kunna ganuwa, in ba haka ba mutum zai kulle kansa a waje.

Wani ɗan koyon yakan ce, wa zai damu da 'yar na'urarmu ta ƙauye? Amsa ita ce, masu kutse ba zaɓe suke yi ba. Manhajoji suke saki suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna gwada kalmomin sirri, kuma duk wanda ya haɗa na'ura da intanet ya duba labarinta zai ga alamun haka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matakan toshe tsagar su ne: (a) a yi amfani da mabuɗin SSH maimakon kalmar sirri, (b) a hana root shiga daga nesa, (c) a ɗora manhaja irin fail2ban mai toshe duk wanda ya yi ta gwaji yana kuskure, (d) a riƙa sabunta manhajoji da umarnin apt update da apt upgrade. Muhimmancin na ƙarshen ya bayyana a watan Afrilu na 2014, lokacin da aka gano ɓarakar da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a manhajar OpenSSL. An fitar da gyara nan da nan, amma waɗanda ba su sabunta ba suka ci gaba da zama cikin haɗari. Uwar garken da ke aiki a cikin makaranta kawai, ba a haɗe da intanet ba, haɗarinta ya ragu, sai dai ita ma tana bukatar kalmar sirri mai ƙarfi, domin ɗalibi mai ƙiriniya yana kusa da ita fiye da kowane ɓarawo.

4.5 Yaya zan yi da wuta da zafi da ƙura?

Littattafan da aka rubuta a ƙasashen Turai ba su cika tsayawa a kan wannan tambaya ba, alhali a wurinmu ita ce kan gaba. Ɗaukewar wuta ba zato tana iya samun na'ura tana tsakiyar rubutu a faifai. Tsarin ajiya na ext4 da Debian da Ubuntu ke amfani da shi yana rage ɓarnar, amma bai kawar da ita ba. Saboda haka kada a haɗa uwar garke kai tsaye da wutar gari ko janareta. A sa batir da inbata a tsakani, ko na'urar UPS, a kuma tsara ta ta kashe kanta cikin natsuwa idan batir ya yi ƙasa.

Lissafin ba shi da wuya. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na sa'a guda. Idan irin na darma ne, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, saura 600 ke nan. Tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 100 za ta cinye wannan cikin sa'a 6, ita kuwa ƙaramar na'ura mai cin wat 15 za ta kai sa'a 40, kafin a cire abin da inbata ke ci. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna wa makarantar da ke dogara da sola irin na'urar da ta fi dacewa da ita.

Kowane lokaci na shekara kuma da nasa ƙalubalen. Da hunturu ƙura takan cika fankar na'ura ta toshe iska, don haka a ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa hure ta. Da bazara zafi yakan sa ta rage gudu ko ta mutu. Kada a rufe ta cikin kabad, kada kuma a ajiye ta dab da rufin kwano. Da damina kuwa, wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi samun ruwa a Jihar Kano, tsawa kuma tana iya biyo waya ta ƙona kaya. A tabbatar an binne ƙarfen da ke kai wuta ƙasa, a kuma duba cewa rufin ɗakin ba ya yoyo.

4.6 Me zan yi don kada bayanai su salwanta?

Manomin shinkafa ko masara a Tudun Wada ya san ba a haɗa iri da abincin gida a buhu ɗaya. Wannan ita ce hikimar kwafin ko-ta-kwana. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a mallaki kwafi uku, a kan ma'ajiyai iri biyu, ɗaya kuma ya kasance a wani gini daban. Umarnin rsync yana kwafar abin da ya canza kawai, shi kuwa cron yana zartar da aiki a lokacin da aka tsara masa, misali kowane dare. Ga makarantar da ba ta da intanet, faifan hannu guda biyu sun wadatar: ɗaya a ofis, ɗaya a kulle a wani wuri amintacce, ana musanya su duk mako.

Abubuwa biyu da suka faru a ƙasashen waje sun isa wa'azi. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya share kimanin gigabait 300 na bayanai bisa kuskure, yana zaton a kan wata na'urar yake. Da aka nemi kwafi sai aka tarar akasarin hanyoyin ajiyar da aka dogara da su ba sa aiki, aka yi asarar bayanan kimanin sa'a shida. A watan Maris na 2021 kuma gobara ta cinye wani ginin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu daga cikin waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da na asali suka rasa duka biyun. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, ba a san ko yana da amfani ba. Saboda haka a ware rana guda a kowane zangon karatu a gwada.

4.7 Idan ta tsaya, daga ina zan fara?

Ɗan koyo yakan garzaya ya kashe ya kunna, ko ma ya goge kome ya sake ɗorawa. Abin da ya fi shi ne a bi mataki-mataki. A fara da abin da ido ke gani: akwai wuta, wayoyi suna ciki? Sa'an nan df -h domin a ga ko faifai ya cika, wanda yana daga cikin dalilan da suka fi yawa. Free -h domin a ga ƙwaƙwalwar aiki. Top domin a ga manhajar da ke cinye ƙarfi. Systemctl status domin a ga ko hidimar tana raye. Journalctl domin a karanta abin da na'ura ta rubuta kafin ta tsaya. A canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a kuma kwafi kowane fayil na /etc kafin a taɓa shi. Idan za a nemi taimako, a kai saƙon kuskuren yadda yake harafi da harafi. Matambayi ba ya ɓata, amma kada a zartar da umarnin da aka samo daga intanet, ko daga manhajar ƙirƙirarriyar basira, sai an fahimci abin da zai yi.

4.8 Me ya sa haruffan Hausa ke komawa alamar tambaya?

Wannan tambaya ta shafi mahalarta wannan taro kai tsaye. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin tsarin Unicode, kuma Linux yana sarrafa su ba matsala idan an tsara na'ura da rumbun bayananta a kan UTF-8. Idan aka bar rumbun a kan tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai, sai sunan ɗalibi ya lalace, “ƙasa” kuma ta rasa abin da ya raba ta da “kasa”. Umarnin locale yana nuna tsarin da na'ura ke kai, kuma akwai tsarin Hausar Nijeriya mai suna ha_NG. Haka nan a daidaita agogo a kan Africa/Lagos, domin labarin da na'ura ke rubutawa ba shi da amfani idan lokacinsa ba daidai ba ne.

5.0 Tambayar da Ɗan Koyo Ba Ya Yi

Akwai tambaya guda da ba a cika jin ta daga bakin mai farawa ba, alhali ta fi sauran nauyi: idan ba na nan, wa zai ci gaba? A makarantu da asibitocin karkara sau da yawa wanda ya kafa na'ura ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan shekara guda, ko ma'aikacin da za a yi wa canjin wurin aiki. Idan ya tafi da kalmar sirri a kansa, na'urar da ke da lafiya sarai sai ta zama kayan ado a ofis.

Maganin wannan littafi ne na takarda, irin wanda ake saye a kasuwa. A rubuta zubin da aka ɗora da ranar ɗora shi, da adireshin na'ura, da hidimomin da ke kanta, da inda kwafi yake da yadda ake mayar da shi, da duk canjin da aka yi tare da dalilinsa. Kalmar sirri ta gaggawa a sa ta a ambulan a manne, a ajiye wurin shugaban ma'aikata. A horar da mutum biyu aƙalla. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a rufe sunansa a na'ura, a kuma yi miƙa aiki a rubuce kamar yadda ake yi da makullan sito.

6.0 Kammalawa

An ga cewa tambayoyin ɗan koyo, tun daga zaɓen zubi har zuwa haruffa masu lanƙwasa, duk suna komawa ne ga tsare amanar da aka ba shi. Bisa wannan, ana gabatar wa taro shawarwari huɗu. Na ɗaya, malaman kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil da sauran manyan makarantu su ba kowane ɗalibi na'urar gwaji da zai ɓata ya gyara, kada jarrabawa ta tsaya ga hadda. Na biyu, a sa lissafin wuta da gwajin mayar da kwafi cikin darasi, tun da su ne ɗalibi zai fara cin karo da su a wurin aiki. Na uku, masana harshe da masana na'ura su zauna tare su tace kalmomin da aka kawo a sashe na 1.1, su gyara abin da ke bukatar gyara, domin a sami ɗan littafin jagora da Hausa. Na huɗu, duk hukuma ko ƙungiyar da za ta ba wata makaranta ko asibiti kyautar na'ura a Tudun Wada ko Doguwa ko Kiru ko Bebeji, ta haɗa da horon mutum biyu daga ma'aikatan wurin da kuɗin sauya batir. Allah ya sa mu dace, amin.